Hayaƙi a Jirgin Harouna

Injin jirgin ruwan yana aiki lokacin da suka iso. Uwaisu ya ƙwanƙwasa murfin ɗakin, ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Matarsa Sauda ta leƙa ta ƙaramar tagar gefe, ta ga mutum kwance a kan benci, bargo har ƙirjinsa. Ta tsaya tana kallon bargon. Ba ya motsi.

Shekara goma sha shida tana aikin jinya a sashen masu ciwon numfashi, saboda haka ba ta yi ihu ba. Ta ce wa 'ya'yanta mata biyu su koma bakin ƙofar matsayar jiragen su zauna. Ta ce wa mijinta ya kashe injin, ya riƙe numfashi kafin ya ja murfin. Sannan ta kira lambar gaggawa.

Ƙarfe goma da minti biyar ne na safiyar Asabar, cikin watan Oktoba, a wata ƙaramar matsayar jiragen ruwa, irin wadda ake ce wa marina da Turanci, da ke City Island, can ƙarshen Bronx.

Rahina Mu'awiya ta iso sha ɗaya saura kwata. Jami'ar bincike ce ta 'yan sanda, haihuwar Kano, shekararta goma sha ɗaya a aikin. An turo ta ne don an ce mutanen Hausa suke yi. Ta daɗe da daina jin komai idan ta ga gawa. Takan duba, ta rubuta, ta wuce.

Mamacin sunansa Harouna Abdou, mutumin Damagaram, ɗan shekara sittin da huɗu, tsohon direban tasi. Jirgin nasa ne. Fari ne, tsawonsa ƙafa talatin, irin mai doguwar sanda da ƙyalle wanda iska ke turawa. Injin don fita daga marina da komowa ne kawai.

'Yan kwana-kwana sun riga sun kore iskar ɗakin. Shugabansu ya ce mata hayaƙin inji ne, gubar nan da ba ta da wari. Tsohon injin fetur, safiya mai sanyi, mutum ya rufe ƙofa ya kishingiɗa. Ya ce duk shekara suna ganin irin wannan.

Rahina ta sa safar hannu ta sauka. Takalmansa suna jere a ƙasan matakala. Akwai kofin shayi da aka sha rabi, da carbi kusa da shi. A bango, saitin kan bencin, ta ga ramukan sukuru guda biyu da farar da'ira, alamar an cire wani abu da ya daɗe a wurin. A kan tebur kuma ga sabuwar na'urar gargaɗin hayaƙi cikin ledarta, ba a ko farke ta ba.

Ta fito waje wurin matuƙi. Ƙarƙashin bencin hagu akwai akwati da kwaɗo a kulle. Makullin yana cikin zoben makullan mamacin. Ta buɗe, ta haska. Nan ne tiyon salansa yake wucewa ya fita bayan jirgin. Zobba biyu na ƙarfe ne suke ɗaure bakinsa. An sassauta su duka biyun, an ja tiyon baya kaɗan, ratar ba ta fi faɗin yatsa ba. Kan sukurorin yana walƙiya inda sukuddireba ta goge tsatsa.

Ta kira shugaban 'yan kwana-kwana ya duba.

"Girgizar inji tana iya sassauta guda ɗaya," in ji shi.

"Biyu fa? A rana ɗaya?"

Ya sunkuya ya sake duba zobban. Ta ce a kira masu ɗaukar hoton yatsa, kada kowa ya sake hawa jirgin.

Ta samu Uwaisu da Sauda zaune a kan bencin katako kusa da ofishin marina. Uwaisu ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, suna zaune a Concourse Village. Hannayensa suna tsakanin gwiwoyinsa. Sauda tana riƙe da ƙaramin littafi mai baƙin bango, ba ta buɗe shi ba.

Rahina ta yi musu sannu, ta zauna.

"Malam Uwaisu, me ya kawo ku?"

"Gwajin jirgi. Yau za mu fita da shi ruwa. In ya yi, ranar Laraba mu sa hannu."

"Kun daɗe da sanin marigayin?"

"Tun Agusta. Shatar jirgin muka ɗauka na yini ɗaya, da matuƙinsa, wani dattijo ɗan Gana, Baba Sumani. Da muka dawo ne Malam Harouna ya ce yana neman mai saye."

"Ke ma kina son sayen, Hajiya?"

"A'a," in ji Sauda. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka. "Ni shata nake so. Sau huɗu a shekara ya ishe mu. Ka zo ka tarar an wanke, akwai matuƙi, ka sauka ka tafi gida. Ba ruwanka da gyara, ba ruwanka da inda za a ajiye shi lokacin sanyi. Abban Humaira ne ya dage."

"Me ya sa?"

Uwaisu ya dubi inda yaran suke zaune. "Babbar shekararta sha huɗu. In na yi mata Hausa, Turanci take mayar mini, ta rufe ɗaki. Ranar da muka fita ruwa ba waya a hannun kowa. Ta riƙe sitiyari awa biyu tana yi mini surutu. Na shekara biyu ina koyon tuƙi, ina da takarda. Jirgin shata kuma kana cikin jin daɗi za a ce lokaci ya yi. Wani ma ka shiga ka tarar da warin giyar mutanen jiya, ka rasa inda za ka shimfiɗa darduma."

"Jirage nawa kuka duba?"

"Biyar," in ji Sauda. Ta buɗe littafin. Kowane jirgi da shafinsa. Ɗaya ya yi musu girma, mutum ɗaya ba ya iya sarrafa shi. Ɗaya katakon samansa ya ruɓe, ƙafa tana nutsewa. Ɗaya ba shi da banɗaki mai ƙofa, Sauda ta ja masa layi tun daga sama har ƙasa. Shafin jirgin Harouna ya fi kowanne cika. Wurin kwana na mutum biyar, ƙyalle sabo, shinge mai tsayi saboda ƙaramar yarinyar. A ƙasa ta rubuta cewa injin na fetur ne, a sa ido.

"Yaushe kuka zo na ƙarshe?"

"Alhamis da la'asar. Na ɗauki hoton komai."

Rahina ta karɓi wayar. Hotuna sun fi sittin. Ta samu na cikin akwatin benci. Zobban biyu suna ɗaure tamau, tsatsa ta rufe kan sukurorin. Ta samu na bangon ɗaki. Tsohuwar na'urar gargaɗi tana manne a wurinta.

"Wannan ina take?"

"Na juya bayanta na ga wa'adinta ya wuce da shekara uku. Na ce masa ba zan sa yara a ciki ba sai an canza. A gabanmu ya kwance ta, ya ce sabuwa za ta zo kafin Asabar."

"Wa yake wurin?"

"Mu biyu da shi."

Manajan marina ya buɗe mata na'urar ƙofa. Ba a shiga sai da kati, kuma akwai kyamara a kan ƙofar. Daga Alhamis da magariba zuwa safiyar Asabar, katin Harouna ya shiga sau ɗaya, Asabar ƙarfe shida da minti ashirin da biyar. Kati na biyu da ke kan sunan jirgin ya shiga ranar Juma'a ƙarfe biyu da rabi, ya fita bayan minti goma sha biyu. Kyamara ta nuna mace ce, da leda a hannu. Uwaisu da Sauda ba su da kati, kuma fuskarsu ba ta fito ba sai ƙarfe goma na Asabar, da manajan ya buɗe musu. Sauda tana bakin aiki tun safiyar Juma'a har isha'i. Rahina ta ja layi a kan sunayensu.

"Sumani fa? Ba shi da kati?"

Manajan ya ce ya mayar da nasa mako biyu da suka wuce. Ya ajiye shi a kan kanta ya tafi.

Matar da ke cikin kyamarar tana zaune a mota a wajen ƙofa, an riga an gaya mata. Safiatu ce, 'yar Harouna tilo, 'yar shekara talatin, tana aiki a kantin magani a Highbridge. Idanunta a bushe suke. Tana kallon gilashin gaba.

"Allah Ya gafarta masa," in ji Rahina. "Jiya kin zo nan."

"Na kawo masa na'urar. Shi ya aike ni."

"Me ya sa ba ki ɗaura ba?"

"Ba ya son a taɓa masa bango. Ya ce shi zai ɗaura da safe kafin baƙi su zo."

"Kina da makullin akwatin benci?"

"Na ɗaki kawai. Na akwatin biyu ne, nasa da na Baba Sumani."

"Kina son a sayar da jirgin?"

"Ni na matsa masa. Gwiwoyinsa sun mutu, likita ya hana shi hawa matakala. Ya gina ɗaki biyu a Damagaram, Disamba zai koma. Voilà, shi ke nan." Ta juyo ta dubi Rahina. "Da ban so ba, ai sai in ce masa ban so."

"Jiya kin ga wani abu da ba ki saba gani ba?"

Safiatu ta daɗe tana tunani. "Tsanin baya a sauke yake, cikin ruwa. Na ɗaga shi na ɗaure. Baba ba ya barin sa haka, yana cewa gansakuka na kama shi. Kuma wurin a jiƙe yake, na kusa zamewa."

"An yi ruwa jiya?"

"A'a."

"Kin gaya wa Baba Sumani rasuwar?"

"Ban kira kowa ba. Ban san yadda zan fara ba. Shekara goma sha tara suna tare."

"Bar shi. Ni zan gaya masa."

Sumani yana aiki a wani wurin gyaran jirage a ɗaya gefen tsibirin. Ta mota minti biyar ne. Ta ruwa bai kai haka ba. Rahina ta same shi ƙarƙashin wani jirgi da aka ɗora a kan ƙarafa, yana kankare fenti. Dogo ne, furfura ta cinye gemunsa, ɗan zangon Sekondi, ya tashi cikin masunta. Hausarsa ta Zango ce, ba ya raba mace da namiji a magana. A bakin ruwa ta ga ƙaramin kwalekwalen roba mai inji a ɗaure.

Ta nuna masa shaidarta, ta gaishe shi.

"Baba, na zo da labari mara daɗi. An samu Malam Harouna ya rasu a cikin jirginsa da safen nan."

Makankarar ta tsaya a hannunsa. Bai ajiye ta ba. Ya zauna a kan bokitin fenti a hankali, ya yi salati a ƙasan maƙoshi.

"A cikin ɗaki?"

"Eh."

"Ƙararrawa bai yi kuka ba?"

Rahina ta rubuta tambayar kamar yadda ya faɗe ta.

"Yaushe rabonku da shi?"

"Sati biyu."

"Kun yi faɗa?"

"Ba faɗa. Ya ce zai sayar. Na ce to. Na mayar da kati."

"Makullin akwatin benci fa?"

"Na manta da shi. Yana gida, ko yana mota."

"Jiya da azahar kuna ina?"

"Masallaci. Juma'a ne, Madam, ka sani."

"Wane masallaci?"

Ya faɗi sunan wani a Highbridge. Ta tambaye shi wa ya gan shi, ya ce mutane da yawa ne. Ta tambaye shi ko yau ya kamata ya je gwajin jirgin, ya ce Harouna ya roƙe shi, ya ƙi. Ta yi masa godiya ta tashi. Da ta waiwaya daga bakin mota, yana nan zaune a kan bokitin, makankarar tana hannunsa.

Kafin ta tafi ta shiga ofishin wurin. Mai wurin ya ce Sumani yana fita sha biyu da rabi duk Juma'a, ya dawo uku. Jiya ma haka. Ta tambaye shi da me ya fita. Mutumin ya yi tunani, ya ce ai kuwa motarsa ba ta motsa ba, don ita ta tare wa mai kawo katako hanya har aka yi ta neman sa.

Ta sayi burodi da ƙwai a hanya, ta ci a mota. Sai da ta gama ta lura ba ta ji ɗanɗanonsa ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta je Concourse Village. Hawa na goma sha huɗu. Sauda ta kawo shayi, Uwaisu ya zauna a gefe. Yaran suna ɗaki, ba a jin motsinsu.

"Bayan Alhamis, akwai wanda ya yi muku maganar jirgin?"

"Baba Sumani ya kira ni Juma'a da yamma," in ji Sauda. "Ina hutun cin abinci."

"Ya saba kiran ki?"

"Sau biyu tun Agusta. Ya san ni ce mai son shata. Yakan ce in mun fasa saye, shi zai riƙa fita da mu, ya koya wa yara ɗaurin igiya."

"Ranar Juma'a me ya ce?"

"Ya ce kada in zo da yara gwajin. Wai iska za ta yi ƙarfi, za su yi amai. Ya ce in kuma sun zo, kada su sauka ɗaki, su zauna a sama."

"Kin duba hasashen yanayi?"

Uwaisu ne ya amsa. "Na duba. Babu iska. Har na ji tsoron ba za mu iya ɗaga ƙyalle ba. Na ɗauka tsufa ne, ko ya ruɗa ranakun."

Rahina ta ajiye kofin. Ta nemi Sauda ta nuna mata lokacin kiran. Biyar da minti arba'in, tsawonsa minti uku.

Litinin da safe sakamako ya fito. Likita ya tabbatar gubar hayaƙi ce. An samu yatsun Sumani a kan kwaɗon da kuma kan tiyon, amma wannan bai isa ba, don shekara goma sha tara yana taɓa su. Wani jirgi da ke makwabtaka yana da kyamarar kansa. Ba ta kama fuska ba. Ta kama hancin kwalekwalen roba yana shigowa ƙarfe ɗaya da minti goma ranar Juma'a, yana fita ɗaya da rabi.

Sumani ya zo ofis da kansa da aka kira shi, cikin wankakkiyar riga. Rahina ta karanta masa haƙƙinsa da Turanci, ta maimaita da Hausa: yana iya yin shiru, yana iya neman lauya, duk abin da ya faɗa za a iya kai shi kotu. Ya ce ya ji. Ya ce ta yi tambayarta.

"Ba tambaya zan fara ba, Baba. Zan faɗa muku abin da na sani, in na yi kuskure ku gyara."

Ya ɗaga kai.

"Ranar Alhamis da la'asar tiyon yana ɗaure, akwai hoto. Asabar da asuba a kwance yake. Ta ƙofa mutum ɗaya ne ya shiga a tsakani, Safiatu, kuma ba ta da makullin akwatin. Ba a fasa kwaɗon ba. Makulli biyu ne, ɗaya yana aljihun marigayi. Ta tarar da tsanin baya a sauke, wurin a jiƙe, ba a yi ruwa ba. Wanda ya zo ta ruwa ya zo. Kun ce kuna masallaci a Highbridge, amma motarku ba ta bar wurin aiki ba. Kwalekwalen ne ya fita. Kun zaɓi lokacin Juma'a don kun san Malam Harouna ba ya fashin ta."

Sumani yana kallon teburin.

"Da yamma kun kira Hajiya Sauda kun ce ta bar yara a gida saboda iska. Babu iska, kuma kun fi kowa sanin haka. Ranar Asabar na ce muku an same shi ya rasu. Ban ce hayaƙi ba. Dattijo mai shekara sittin da huɗu, kowa zuciya zai fara tambaya, ko faɗuwa. Ku ƙararrawa kuka tambaya."

Ana jin injin ɗumama ɗaki.

"Abu ɗaya ne ban sani ba," in ji ta. "Shi kuka nufa?"

"A'a." Ya faɗe ta ba tare da ya ɗaga murya ba. "Harouna ba ya tada inji sai baƙi sun zo. Kullum haka. Na ce za su tada, su fita, minti biyar ƙararrawa ya yi kuka, ruwa ya taru a ƙasa. Su ji tsoro, su ce ba su saye. Su dawo shata. Ni in gyara tiyo, minti biyu ne. Sanyi ya shigo, ba mai sayen jirgi sai shekara mai zuwa."

"Shekara ɗaya kuke nema."

"Shekara ɗaya."

"Saboda aikin?"

"Aiki ina da shi." Ya shafa gemunsa. "Matata ya rasu, yara suna Ohio. Duk Lahadi in ba baƙi, mu biyu muke fita. Ba ma magana ma. Ya dafa shayi, in riƙe sitiyari. In ya tafi Damagaram, Madam, ka gaya mini wa zan zauna da shi."

Rahina ta ci gaba da rubutu.

"Na gwada ƙararrawa da hannuna a watan jiya," in ji shi. "Yana kuka. Me ya sa bai yi ba?"

"Kun shiga ɗakin ranar Juma'a?"

"Ba ni da makullin ɗaki. Na mayar."

"Malam Harouna ya cire ta ranar Alhamis, wa'adinta ya wuce. Sabuwar tana kan tebur cikin leda. Ya zo da wuri don ya ɗaura ta. Daren ya yi sanyi, batirin tsoho ne, ya tada injin don kada ya ba shi kunya a gaban baƙi. Ya rufe murfi, ya sha shayi, ya ɗan kishingiɗa."

Sumani ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda ake yi wa kwatancen hanya. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙaramin makulli, ya ajiye a kan teburin, ya tura mata shi da yatsa ɗaya.

Ta rubuta bayaninsa, ya karanta, ya sa hannu. Ta gaya masa mai gabatar da ƙara ne zai yanke sunan laifin, ba ita ba, kuma gobe za a kai shi gaban alƙali. Ta ce yanzu kam ya nemi lauya. Ya ce to.

Da rana ta kira Sauda ta gaya mata an kama wanda ya yi, ta faɗi sunan.

"Tsohuwar na'urar, kun same ta?" in ji Sauda.

"A jakarsa."

"An gwada ta?"

Rahina ta san za a faɗi wannan a kotu ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. "An gwada. Tana aiki."

"To."

"Ba ke kika kwance tiyon ba, Hajiya. Abin da kika ce a yi daidai ne."

"Na sani," in ji Sauda. "Na gode. Ana jira na a ɗakin marasa lafiya."

Kafin a wuce da Sumani ya nemi ganin Rahina. An cire masa ɗamara da igiyar takalmi. Yana tsaye yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya.

"Yaushe za a sa shi a kabari?"

"Gobe bayan azahar. An ba da gawar."

"Wa zai yi wanka?"

"Ban sani ba."

"Mun yi alkawari, ni da shi. Wanda ya riga, ɗayan ne zai wanke shi. Ba ya son baƙon hannu. Ka gaya wa Safiatu. Ko da ɗan sanda a bayana, awa ɗaya ne."

"Ba zai yiwu ba, Baba."

"Ka dai gaya masa."

Ta fita farfajiya ta kira Safiatu. Ta faɗa mata saƙon yadda aka ba ta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ji numfashin Safiatu a waya, da muryoyin mata masu ta'aziyya a bayanta.

"An riga an yi," in ji Safiatu. "Da safen nan. Malam Uwaisu ne ya yi shi da liman."

"Zan gaya masa."

"Ki ce masa a gefen hagu ake fara ɗaga Baba, saboda gwiwar dama. Ni da shi kaɗai muka san wannan. Ban tuna in gaya musu ba sai da suka gama."

Rahina ta koma ciki. Sumani yana zaune a kan bencin ƙarfe, ya ɗago ya dube ta.

"An yi wankan," in ji ta.

Ya jira ko akwai saura. Ta bar sauran saƙon a cikinta, ta ce wa mai gadi ya rufe.